Man Birki da Ƙafar Tela

Duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da Injiniya injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya sa aka rubuta masa da jan fenti a saman ɗan shagonsa, inda yake gyaran fanka da dutsen guga. Mutane suka ga sunan ya yi daɗin tsokana, suka kama. Gyaran fankar ma sai a hankali. Akwai wadda ya gyara wa Mai Aski, yau shekara biyu ke nan tana juyawa da baya, tana zuƙe iskar shagon maimakon ta hura. Da aka yi masa magana sai ya ce ai sabuwar fasaha ce, zafin take kwashewa.

To, a gidan Injiniya akwai wata 'yar ƙaramar mota shuɗiya. Ta matarsa ce, ungozoma a wani asibiti. Da guminta ta saya, kuma doka ɗaya ta kafa a kanta: Injiniya zai iya shiga, zai iya tuƙawa, amma ranar da ya kusance ta da sifana, ranar maƙwabta za su ji su.

Ranar da abin ya faru ita ce ranar gwajin tuƙin Auta, 'yarsu ta ƙarshe. Shekara biyu tana zaune a gida bayan gama karatu, sai ga wani kamfanin rarraba magunguna ya ɗauke ta aiki, amma da sharaɗi: ta kawo shaidar cin gwajin tuƙi kafin Litinin, in ba haka ba a ba wani. Gwajin ƙarfe biyu na rana ne, kowa da motarsa yake zuwa, wanda ya makara kuwa sai bayan wata guda.

Da safe suna karyawa, matar tana ɗaura agogo ta ce, "Auta, in kin dawo ki tuna mini. Bakanike ya ce man birkin motar nan ya yi baƙi, ya haura shekara biyu. Mako mai zuwa za a kai masa ya canja."

Injiniya ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya sha toka.

"Wane bakanike?"

"Bakanike nawa ne a layin nan?"

"Wato ina zaune a gidan nan, da raina da lafiyata, za a ɗauki mota a kai wa wani ƙato can ya canja mata mai? Mai fa! A zubar da wani a zuba wani. Wannan har aiki ne?"

"Baban Auta, dube ni nan," in ji matar. "Birkin nan lafiyarsa ƙalau. Mako mai zuwa na ce. Yau ranar yarinyar nan ce. Kada ka taɓa motar nan."

"Ni? Me zan taɓa? Ƙura kawai zan goge mata."

"Ƙurar ma bar ta, sun saba da juna."

Ta ɗauki jaka ta tafi tarar bas. Auta ma ta fita karɓo hotuna da sauran takardun gwaji, ta ce sai sha biyu da rabi za ta dawo. Gida ya rage daga Injiniya sai makullin mota, yana rataye a ƙusa yana ƙyalli. Wallahi ko minti biyar ba su yi suna kallon juna ba.

Gidan Injiniya a saman gangara yake. Layin yana sauka ne a hankali har ya haɗu da babban titi, kuma daidai mahaɗar nan garejin Bakanike yake, da shagon kayan mota a gefensa. Nan Injiniya ya je ya sayi gorar man birki, ya fito yana kaɗa ta don kowa ya gani.

Bakanike dattijo ne marar hayaniya. Ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ce, "Injiniya, fankar wa ce ta fara shan man birki?"

"Mota zan yi wa aiki. Ta gidana."

Bakanike ya fito gaba ɗaya, yana goge hannu da tsumma. "Ba yau yarinyar nan za ta je gwaji ba?"

"Shi ya sa. So nake ta je da birkin da mai gwajin zai tambayi wanda ya yi aikin."

"Zai tambaya kuwa. Kawo ta nan, minti ashirin ne."

"A wurina goma ne."

"To, tunda ka ƙeƙashe ƙasa, ji abu uku," in ji Bakanike. "Aikin nan na mutum biyu ne. Ɗaya ya taka birki ya riƙe, ɗaya ya kwance ɗan notin da ke bayan taya, tsohon mai ya fita, ya ɗaure kafin a saki. In aka saki birki noti yana buɗe, iska ta shiga, birki ya tashi aiki. Na biyu, kada ka bari ɗan tankin man da ke cikin bonet ya ƙafe, kana fitarwa kana ƙarawa. Na uku, man nan cin fenti yake yi, kada ya taɓa jikin mota."

Injiniya ya yi dariyar tausayi. "Mutum biyu irinku dai. Ni da nake kwance fanka ido a rufe? Mota ai fanka ce mai taya huɗu."

Ya juya ya hau gangara yana fito. Daga abu ukun nan, ko ɗaya bai iso gida da shi ba.

Ya sa rigar aikinsa, ya saƙala fensir a bayan kunne, ko da yake babu abin da zai rubuta. Ya tokare tayar gaba da dutse, ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar baya, ya sami ɗan notin. Ya cusa masa siririn tiyo, ya zura ɗaya bakin tiyon cikin wata tsohuwar gorar ruwa. Har nan, gaskiya, ba laifi.

Sai ya shiga mota ya taka birki sau uku, ya riƙe, ya dubi hagu ya dubi dama, ya yi wuf ya fita da gudu zuwa tayar baya. Kafin ya isa, fedar birkin ta dawo sama abinta. Ya koma, ya taka, ya sake ɓallewa da gudu. Ta sake riga shi. A karo na huɗu takalminsa ɗaya ya fice, ya yi ta hanyarsa daban.

Shagon Mai Aski yana kallon gidan ne kai tsaye, kuma Mai Aski mutum ne da abu ba ya wuce shi. Ya fito da almakashi a hannu.

"Injiniya, likita ne ya ce ka riƙa motsa jiki?"

"Gwajin saurin feda nake yi. Ba fanninka ba ne."

"Wa ke kan gaba, kai ko ita?"

Injiniya ya shiga gida ya ɗauko sandar goge ɗaki ta matarsa, ya tokare fedar birki da kai ɗaya, ɗaya kan ya danna shi a jikin kujera. Ya ja da baya ya kalli aikin, ya ce da ƙarfi, don Mai Aski ya ji, "Ga mutum na biyu, ba ci ba sha." Yana durƙusawa a gindin taya, sandar ta zame, ta yi tsalle ta cake a tsakiyar sitiyari, daidai kan hon. Hon ya ɗauka, bai ajiye ba. Karnukan layin suka amsa, mata suka leƙo ta taga, wani mai babur da ke wucewa ya kauce ya hau kan tulin yashi yana neman wanda zai buge shi. Da ƙyar Injiniya ya fizge sandar, ta fito gida biyu.

Ya cusa gutsattsarin a bayan ƙofa. Sai wata dabara ta faɗo masa. Ya ruga shago ya kwaso dutsen guga uku na mutane da aka kawo gyara, irin masu nauyin nan na da, ya jera su ɗaya bisa ɗaya a kan feda. Na sama ya yi ɗan tunani, ya sulalo, ya sauka a kan babban yatsan ƙafar Injiniya, ƙafar da ba takalmi.

Abin da Injiniya ya faɗa a nan ba zai maimaitu ba. Ya dai zagaya motar sau biyu da ƙafa ɗaya.

Zuwa lokacin mutane sun fara taruwa. Mai Aski ya fito da bencinsa, har da wanda yake yi wa aski, kai rabi a aske, ƙyalle a wuya. Ana nan sai ga Tela, maƙwabcin Injiniya na jikin katanga, ya fito da tef ɗin awo a rataye. Tela mutum ne siriri, mai sanyin hali, wanda bai iya cewa a'a ba.

"Tela, zo nan," in ji Injiniya. "Ba taimako nake nema ba, ka gane. Darasi zan ba ka kyauta. Shiga ka zauna. In na ce taka, ka taka. In na ce riƙe, ka riƙe, kada ka ɗaga sai na ce saki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko akuya za ta iya."

Tela ya shiga, ya gyara zama, ya ɗora ƙafa. Injiniya ya kwanta a gindin taya da sifana.

"Taka! Taka! Taka! Riƙe!"

Ya kwance noti. Mai ya yi tsartuwa, ya koma, ya sake tsartuwa, tiyo ya fice, baƙin mai ya wanke wa Injiniya gaban riga har haɓa.

"Na ce riƙe!"

"Ai na riƙe!"

"Ƙafarka fa?"

Tela ya leƙa ƙasa. Ƙafarsa tana ta aikinta, sama, ƙasa, sama, ƙasa, cikin natsuwa da tsari. Ya yi tsuru-tsuru.

"Wallahi ba ni ba ne. Injiniya, shekara talatin da ɗaya ƙafar nan tana kan fedar keken ɗinki. Da ta ji feda a ƙarƙashinta, ba ta shawara da ni."

"To sa ta hagu!"

"Ita ce ma babbar. Da ita na koya."

Aka gwada ta hagun. Ta fi ta daman sauri. Injiniya ya ce Tela ya danne gwiwarsa da hannu biyu, sai ƙafar ta ci gaba daga idon sawu. Aka ce ya rufe ido, ya ce in ya rufe ido wuyan riga yake gani. Mai Aski ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, mai rabin askin ma ya manta da kansa.

Da ya farfaɗo, Mai Aski ya share hawaye ya ce, "Tela, tsakaninka da Allah, ƙafar nan ba ta taɓa tsayawa ba?"

"Tana tsayawa mana. In zare ya tsinke."

"To, Injiniya, koma ƙasa. Tela, taka." Ƙafa ta kama aiki. Mai Aski ya jira ta sauka ƙasa, ya daka tsawa: "Zare ya tsinke!"

Ƙafar Tela ta tsaya ƙyam. Ko rawa ba ta yi.

Injiniya ya kwance noti, baƙin mai ya gangara cikin gora sumul, ya ɗaure. Jama'a suka yi shewa. Injiniya ya miƙe tsaye, mai yana ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Kun gani? Dama abin da nake shirin cewa ke nan. Wannan dabarar tawa ce tun tuni."

"Allah ya ƙara basira," in ji Mai Aski.

Daga nan fa aiki ya yi daɗi. Injiniya ya ce "Taka!", jama'ar layi gaba ɗaya su amsa "Zare ya tsinke!", Tela ya daskare, mai ya zubo. Aka gama taya ɗaya aka koma ta biyu, ta uku, ta huɗu. Daɗin amshin ya kwashi Injiniya, ya ce a sake zagaye na biyu don inganci. Ɗan tankin da ke cikin bonet kuwa, wanda aka ce kada a bari ya ƙafe, babu wanda ya leƙa shi. Sabuwar gorar man tana ajiye a kan katanga, ko murfinta ba a fasa ba.

Can sai tiyo ya fara wani irin ƙara, fuf, fuf, ƙurrr.

"Injiniya, kumfa nake gani," in ji Mai Aski.

"Dattin ne ke fita."

"Ni kuma ƙafata ba ta jin komai," in ji Tela daga ciki. "Kamar katifa nake takawa."

"Alamar sabon mai ke nan. Laushi."

Yana faɗar "sabon mai" idonsa ya sauka a kan gorar da ke katanga. Ya sulale kamar mai neman sifana, ya ɗauke ta, ya leƙa tankin: ƙaf, ko ɗigo babu. Ya juya wa mutane baya ya tuttula man da sauri, rabi a tanki, rabi a hannunsa. Ya rufe bonet. Don kada a ga man da ya jiƙa hannun, sai ya kifa shi a kan bonet ɗin, yatsu biyar a baje, ya tsaya a haka ya yi wa jama'a lacca ta kusan minti goma a kan yadda makanikan zamani suke ruɗa mutane da ƙananan abubuwa.

Yana cikin laccar Auta ta iso, da fayil ɗin takardu a rungume. Ta ga taron, ta ga jak, ta ga baƙin mai a ƙasa, ta ga rigar ubanta. Ta tsaya cak.

"Baba."

"Yauwa, 'yar albarka! Zo ki ga abin da babanki ya yi miki."

"Baba, Mama ta ce kada ka taɓa."

"Mamanki ungozoma ce. Na taɓa shiga mata ɗakin haihuwa na ce ga yadda za ta yi?"

"Ƙarfe ɗaya saura kwata, Baba," in ji Auta. "Ƙarfe biyu ne gwajin. In na rasa yau, aikin ya tafi."

"Haba, ke kuwa! Yanzu za ki ga birki. Ku matsa! Tela, fito. A janye dutsen nan."

Aka mayar da taya, aka sauke jak. Ya shiga ya tayar da mota, ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu waje. "Ku lura da kyau," ya ce wa jama'a. "Daidai ƙofar Tela zan tsaya. In na wuce da taki ɗaya, ku canja mini suna." Ya saki birkin hannu. Mota ta fara gangarawa a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu.

Ƙofar Tela ta zo. Injiniya ya taka birki da salo. Feda ta tafi luƙui har ƙasa, ba ta haɗu da kowa a hanya ba. Ƙofar Tela ta wuce.

"Ya wuce!" in ji Mai Aski. "Wane suna za mu sa?"

"Ƙofa ta gaba nake nufi!" in ji Injiniya, yana taka feda da ƙafa biyu. Ƙofa ta gaba ma ta wuce. Motar da ta fara da tafiyar tsohuwa ta koma sassarfa. Can ƙasa ga babban titi, manyan motoci suna ta giftawa.

"Baba, birkin hannu!" Auta ta ƙwala. "Ja birkin hannu!"

Injiniya ya ji. Ya kai hannu ƙasa cikin ruɗewa, amma ta ɗaya gefen, ya damƙi wani ƙarfe ya ja da iya ƙarfinsa. Ashe na kwantar da kujera ne. Kujera ta tafi baya, Injiniya ya bi ta, ya ɓace. Abin da mutanen layi suka gani shi ne mota shuɗiya tana saukowa ba direba, sai ƙafa biyu a saman sitiyari, ɗaya da takalmi ɗaya babu.

Layi ya kacame. Wani mai shago ya janye akwatunan lemonsa, wata mata ta saki bahon wanki ta haye dakali. Mai Aski yana gudu, mai rabin aski yana bin sa da ƙyalle yana tashi a bayansa. Tela, bawan Allah, yana gudu yana ihu da gaskiyarsa, "Zare ya tsinke! Zare ya tsinke!" Ita kuwa mota ba ta taɓa ɗinki ba.

Auta ta jefar da fayil, ta fige takalmanta, ta bi motar. Ta wuce Tela, ta wuce Mai Aski, ta kamo ƙofar gefen direba ta buɗe, ta faɗa ciki da rabin jiki. Hannu ɗaya ta karkata sitiyari daga bakin titi zuwa gareji, ɗaya hannun ta ja birkin hannu, a hankali, ƙas, ƙas, ƙas. Tayoyin baya suka yi ƙara, mota ta ja ƙasa ta tsaya, saura taki ɗaya ta taɓa bencin da Bakanike yake zaune.

Bakanike bai ko motsa ba. Ya dubi motar, ya leƙa ta taga ya dubi Injiniya da ke kwance yana kallon rufi.

"Sannu da zuwa. Ka ce ba za ka kawo ta ba, ga shi ta kawo ka."

Injiniya ya ɗago a hankali. Bakinsa ya riga hankalinsa dawowa. "Dama gwajin birkin hannu nake..."

Maganar ta maƙale. A gefen Bakanike akwai mace tsaye da farar rigar asibiti da jaka a kafaɗa. Ta nemi izini a wurin aiki don ta raka 'yarta gwaji, saukarta daga bas ke nan, kuma ba abin da ya wuce ta.

"Baban Auta," ta ce, a sanyaye, irin sanyin da ya fi ihu ban tsoro. "Ƙurar ta fita?"

Babu wanda ya yi dariya, domin Auta ta zauna a bakin kujerar mota tana kuka, ƙafarta ɗaya ta kurje. Wata mata ta kawo mata fayil ɗin da takalman. Ƙarfe ɗaya da minti biyar.

"Share hawayenki, 'yata," in ji Bakanike, yana jawo jak. "Shiga ki zauna a kan feda. Ke da kika tsayar da mota ba birki, wannan wasa ne. Injiniya, kai kuma zo. Na ce maka aikin mutum biyu ne, amma yau zan ƙirƙiro na uku. Riƙe gorar nan. Kada ka kwance komai, kada ka ɗaure komai, kada ka ce komai."

Injiniya ya durƙusa a gaban duk jama'ar layi ya riƙe gora da hannu biyu. Bakanike ya cika tanki, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana komawa yana ƙara mai. "Taka. Riƙe. Saki." Auta ta taka, ta riƙe, ta saki. Kumfa ta yi ta fita, ta yi ta fita, har mai ya dawo garau. Tela ya leƙa ta taga yana kallon ƙafar Auta cike da sha'awa, ya ce, "Ikon Allah. Ka ce mata tsaya, ta tsaya."

Biyu saura minti ashirin da biyar Bakanike ya sauke jak, ya zagaya da motar, ya taka birki ta tsaya cak. Auta ta karɓi sitiyari, uwar ta shiga gefe. Ko kallon Injiniya ba su yi ba.

Ya hau gangara da ƙafa, yana ɗingishi, ya zauna a dakalin ƙofar gidansa. Abin mamaki, awa biyu cur ba a ji muryarsa ba. Mai Aski ya zo da tsokana a baki, ya ga fuskarsa, ya haɗiye abarsa ya zauna kusa da shi. Tsoro ne ya kama Injiniya, na gaske. Ba tsoron matarsa ba, wannan ya saba. Tunawa yake da shekara biyun da Auta ta yi tana goge takalmi tana fita neman aiki tana dawowa shiru, ga shi yau da hannunsa ya kusa mayar da ita ɗaki. Duk motar da ta shigo layin sai ya miƙe, ya koma ya zauna.

Wajen ƙarfe huɗu shuɗiyar mota ta hawo gangara, ta tsaya daidai ƙofar gida ba gargada. Mutane suka taso. Auta ta fito, fuska ba yabo ba fallasa, ta tsaya gaban ubanta. Sai ta zaro takarda daga fayil ta ɗaga sama.

Layi ya ɗauki sowa. Injiniya ya karɓi takardar, ya karanta ta sau biyu, ya goge ido da gefen rigarsa mai man birki, ido ya ƙara yin ja.

"Saura minti uku muka isa," in ji Auta. "Muna cikin tafiya mai gwajin ya buga gaban mota ba zato ya ce in tsaya. Na tsaya. Ya dube ni ya ce bai taɓa ganin wanda bai firgita ba sai ni, wa ya koya mini? Na ce babana."

Injiniya ya miƙe tsaye. Ƙirjinsa ya fara dawowa wurinsa.

"Na ce masa duk wanda ya tashi a gidanmu ya saba abu ya lalace ba sanarwa."

Wannan rabin bai shiga kunnen Injiniya ba. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Na ce muku sai mai gwajin ya tambaya! Duk abin nan da kuka gani yau, horo ne. Tsara shi na yi."

Matar ta zare makullin daga mota, ta wuce ta gabansa, ta damƙa wa Auta a hannu. Sannan ta kamo hannun rigar Injiniya ta jawo shi gaban bonet.

"Wannan ma tsarawa ka yi?"

A tsakiyar shuɗin bonet ɗin, inda rana ta gasa shi tun azahar, fenti ya kumbura ya yi fari, ya fitar da tafin hannu ɓaro-ɓaro, yatsu biyar a baje. Mai Aski ya kama hannun Injiniya ya ɗora a kai. Ya zauna daram.

Injiniya ya dubi tabon, ya karkata kai, ya gyara fensirin bayan kunnensa.

"Wannan? Haba, wannan har abin damuwa ne? Fenti fa! A kankare wani a shafa wani. Gobe da safe in na sami burushi, ni da kaina zan..."

Ba wanda ya ba da alama. Matarsa, da Auta, da Mai Aski, da Tela, da mai rabin askin da har yanzu ba a ƙarasa masa ba, duk suka haɗa baki:

"Zare ya tsinke!"

Bakin Injiniya ya tsaya ƙyam, a buɗe.

Tela ya leƙa fuskarsa, ya gyaɗa kai. "Riƙe nan," ya ce. "Kada ka saki sai an ce saki."